Zaren Kitso da Ƙofar Mama

Duk wanda ya taɓa sayen ƙugiya a shagon Nadine Sizemore da ke bakin tafki ya san ra'ayin Verlon Tackett a kan zare, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Shekara da shekaru yana zama a kan akwatin lemo kusa da murhu, da kofi a hannu, yana wa'azinsa guda ɗaya: in da kifin katako na tarko za ka nemi babban kifin nan da ake kira bas, to zaren roba, mai ɗaukar laba goma sha biyu, ba ƙari ba ragi. Hujjarsa ita ce zaren roba yana da haƙuri. In kifi ya fizga sai ya ɗan miƙe ya ba shi hanya, ƙananan ƙugiyoyin nan masu baki uku su zauna daram a leɓensa. In ya gogi dutse kuma ya jure. Da aka fara kawo zaren kitso, siririn nan da ake tufkawa, wanda ba ya miƙewa ko kaɗan, Verlon ya ɗauki ƙunshi ɗaya ya jujjuya, ya ajiye, ya ce a kai wa mata su yi shanya. Ya ce yage bakin kifi yake yi, dutse kuma yana yanka shi kamar reza.

Gaskiyarsa ce, ba wanda ya musa. Sai dai ita ma gaskiya in aka yi ta maimaita ta takan gundura, har ta kai in ya gyara murya wasu sukan tuna suna da aiki a waje.

Yayansa Odell ba mai wa'azi ba ne, shi mai wuƙa ne. Tun suna samari yake sassaƙa kifayen ƙarya da itacen balsa a rumfar bayan gidansa. Ya fere, ya goge, ya dasa dalma a ciki, ya shafa fenti, ya manna leɓe a gaba. Leɓen nan shi ne sirrin. In ka jefa ka fara naɗo zare sai ya ci ruwa, kifin ya nutse yana kaɗa jiki, in ka tsaya kuma ya taso da kansa, don itacen ba shi da nauyi. Shi bas ba wawa ba ne, bai cika kula abin da ke tafiya salin-alin ba. Sai kifin katakon ya bugi wani abu a ƙasa, kututture ko dutse, ya karkace, sannan yake kai cafka. Odell ya yi kifi, Verlon ya sa masa linzami, haka suka raba aikin, kuma ba a taɓa jin ɗaya ya shiga gonar ɗaya ba sai dai da baki.

Akwai wuri guda a tafkin da ba sa kai kowa, ko da yake duk mutanen wajen nan sun san labarinsa. Kafin a datse kogin, suna yara, gidansu yana kan wani tudu a kwarin Sorrel. Da ruwa zai zo aka rushe gidaje, aka kwashe katako, aka tone kaburbura aka mayar da su kan tsauni. Abin da aka bari a nasu gidan shi ne matakalar ƙofa, hawa uku na farin dutse da babansu ya jera da hannunsa, don ba mai keken alfadarin da ya yarda ya ɗauke ta. Tana nan har gobe, ƙafa goma sha huɗu a ƙarƙashin ruwa.

Mahaifiyarsu mace ce mai tsabta har ta yi yawa, ƙasar kwarin kuma jan taɓo ce mai kama takalmi. Dokarta ita ce duk mai shigowa ya buga takalminsa a kowane hawa, ɗaya, biyu, uku. Tana daga kicin tana saurare. In ta ji uku sai ta zo ta zare sakata. In ka yi ha'inci ka tsallake ɗaya za ka bushe a waje, ko da kai ne fasto. Ba ta daɗe ba bayan an tashe su, Allah ya jiƙan ta, gidan haya na cikin gari bai karɓe ta ba.

Da suka girma suka sami jirgi, Odell ya yi ta gyaran leɓe har ya fitar da kifin da ke kaiwa wannan zurfin. In aka jefa daga inda ya dace aka jawo, sai ya bugi hawa na farko, na biyu, na uku, bugun ya biyo zare ya hau sandar kamun kifi ya shigo hannu. Suka sa wa abin suna ƙwanƙwasa ƙofar Mama. Duk shekara in itatuwan bakin ruwa suka yi fari da fure sai sun je. Kama kifi ba shi ne maganar ba, ko da yake wurin bai cika hana su ba.

Sai ciwon suga ya shigo wa Odell. Ya fara da ƙafa, ya koma ido, ya gangaro yatsu. Wuƙa ta bar hannunsa ranar da ya yanke babban yatsa bai sani ba, sai da Verlon ya ga jini a wandonsa. Kifayensa kuwa, wasu an sayar, wasu an kyautar, da yawa suna maƙale a kututturan ƙasan tafki. Cikin masu zurfi guda ɗaya ta rage, mai koren baya da ruwan ɗorawa a ciki, wadda ya raɗa wa suna Bazawara saboda rangwaɗarta. Ya ba Verlon ita da hunturu, ya ce, "Riƙe. Daga ita ba wata." Verlon ya naɗe ta a tsohuwar safa ya ajiye. Ita kaɗai ce ta rage masa cikin duk abin da hannun yayansa ya yi.

Da bazara ta shigo, Darla, 'yar Odell, ta zo daga can jihar Ohio ta ga yadda uban ke lalube a kicinsa, ta yanke magana cewa ranar Lahadi bayan coci za ta tafi da shi. Ba wanda ya ga laifinta. Kowa kuma ya san ba dawowa zai yi ba, har shi kansa. Abu ɗaya ya roƙa, a kai shi ya ƙwanƙwasa ƙofar Mama.

Ranar Juma'a da safe Darla ta raka su har bakin ruwa.

"Baffa Verlon, don Allah kar ya cire rigar ruwan nan mai hana nutsewa. Allurarsa kuma tana cikin kula, kusa da ƙanƙara."

"Ji ta," in ji Odell. "Sai ka ce ita ta haife ni."

"Baba, ka dai ji abin da na ce."

"Na ji, ranki ya daɗe."

Verlon ya tuƙa su har suka iso, ya saita jirgi yadda suka saba, hasumiyar coci a kafaɗar dama, wani jan dutse a gaba, ya saki anka, ƙarfen da ke tsayar da jirgi. Ya ɗaura Bazawara a sabon zaren roba. Shi ya yi jifan, nesa sosai, don Odell ba ya iyawa yanzu, sannan ya danƙa masa sanda.

Odell ya fara naɗi. Hannun bai manta aikinsa ba, ba sauri ba nawa. Verlon ya zuba wa bakin sandar ido, ya ga ya ɗan sunkuya, ya sake, ya sake. Ya juyo yana jiran murmushin da ya sani. Odell ya ci gaba da naɗi, fuskarsa ba ta motsa ba, har Bazawara ta zo ta bugi gefen jirgi.

"Ka kauce," in ji Odell. "Tsufa ya kama ka, saita coci da dutse ma ya gagare ka."

"Ban kauce ba."

"To ina ƙofar?"

Verlon ya karɓi sandar ya sake jifa. Haka suka yi ta yi har rana ta ɗaga. Duk jifa sai ya ga bugun nan uku a bakin sanda, duk jifa Odell sai ya naɗe har ƙarshe yana saurare da fuska a sama. Daga baya Verlon ya kasa daurewa.

"Ta buga fa, Yaya. Duka ukun. Ina gani a bakin sanda."

"Kana gani." Odell ya kwantar da sandar a cinyarsa. "Ni ban zo a ba ni labari ba, Verlon. Ji nake kamar ina jan jiƙaƙƙen tawul."

Suka ci kifin gwangwani da burodin masarar da Darla ta ƙunso musu. A hanyar komawa Odell ya ɗaga murya don ta rinjayi ƙarar inji, ya ce ba komai, ai ya ji ta sau ba adadi, kar mutum ya cika haɗama. Wannan maganar ta fi yi wa Verlon ciwo, da ma zaginsa ya yi.

Kuma ya san inda matsalar take. Haƙurin nan na zaren roba da ya ƙare rayuwarsa yana yabo, shi ne ke shanye bugun a hanya. Hannu mai lafiya yana tsintar ɗan abin da ya iso, hannun Odell kuwa ba zai tsinta ba. Ya san maganin ma, tun suna kan ruwa ya sani, ƙin kallonsa dai ya yi.

Da la'asar ya shiga shagon Nadine. Hoyt Ledbetter yana zaune a kan akwatin lemon Verlon, mutumin da suka yi shekaru suna musun zare ba wanda ya kayar da wani. Verlon bai ce masa tashi ba. Ya zagaya kanta, ya ɗauki dalma ya ajiye, ya ɗauki maganin sauro ya karanta bayansa kamar yau ya fara ganinsa.

"Verlon, in sata za ka yi ka yi sauri, zan rufe," in ji Nadine.

"Ba ni zaren can."

"Wanne?"

"Koren can na sama. Mafi siriri."

Nadine ta bi yatsansa da kallo, ta sauke tabarau kan hanci. "Na shanya?"

Hoyt ya ajiye kofinsa a hankali, kamar wanda ba ya so ya zubar da ko ɗigo a irin wannan rana. "Ashe zan ga wannan kafin in mutu. Nadine, leƙa waje ki kira mutane, yau fasto ya shiga mashaya. Verlon, amanka za ka lashe a gaban jama'a?"

"Na lashe."

"A'a, ba haka ake yi ba. Ka faɗa da bakinka, ka ce Hoyt ya fi ni..."

"Na Odell ne," in ji Verlon. "Mun je ƙofar Mama yau. Ba ya jin bugun."

Hoyt ya cire hula ya sosa kai, ya mayar. Nadine ta hau kujera ta sauko da zaren, ta share ƙurar kwalin da gefen rigarta.

"Da wane kifi za ku je?" ta tambaya.

"Bazawara. Ita kaɗai ke kaiwa."

"A kan farin dutsen nan? Kai da bakinka ka ce yana yanka shi kamar reza."

"Har yanzu haka na ce."

Hoyt ya yi gyaran murya, wannan karon ba tsokana. "Ka ƙulla masa guntun roba a gaba, kamar gaba biyu. Roba ta sha dutsen, kitso ya kawo saƙo. Ni haka nake yi."

"Na yi tunanin haka."

"To ka yi. Kar ka yi asarar ta, Verlon. Ba za a sake yin irinta ba."

Nadine ta sa zaren a takarda ta miƙa masa, ta ce ya gaishe da Odell, ya gaya masa za ta kawo musu waina ranar Lahadi kafin su kama hanya. Da zai fita, Hoyt ya tashi daga kan akwatin ya koma benci, ko da yake Verlon ba zama zai yi ba.

A barandar gidansa ya zare zaren roban da ya naɗa jiya-jiyan nan, ya tara shi a ƙasa, ya naɗa na kitson. Ya ƙulla guntun roba a gaba kamar yadda Hoyt ya ce, ya ja ƙullin da ƙarfi har ya yi masa shaida a tafin hannu. Sannan ya kwance safar. A kan cikin Bazawara, ƙasa da ƙugiyar gaba, akwai zanen babban yatsan Odell, ya taɓa ta kafin fenti ya bushe. Lokacin Odell ya so ya goge ya sake, Verlon ya ce bar shi, kifi ba ɗan sanda ba ne. Ya daɗe yana kallon zanen. Ba ya so ya rasa ta, ba ya so ko kaɗan. Ya riga ya ga inda zai rataye ta, a saman tagar kicin, inda zai riƙa ganin ta da safe in yana dafa kofi shi kaɗai. Ɗan'uwa rabin jiki ne, ga shi za a tafi da rabin a mota ranar Lahadi, ya ga ai ba laifi ba ne don ya riƙe wannan ɗan abin.

Ranar Asabar ya tarar da Odell a kujera, akwatuna jere a falo, Darla tana naɗe kwanuka a jarida.

"Tashi, tsoho."

"Zuwa ina?"

"Ruwa."

"Ba mun je jiya ba? Ka bar ni in huta, gobe tafiya ce mai nisa."

"Za ka huta a Ohio har ka gaji. Tashi."

Darla ta dubi baffanta, ta ga abin da ta gani a fuskarsa, ta je ta ɗauko rigar ruwan.

Iska ba ta tashi ba ranar, tafkin ya kwanta lumui. Da Verlon ya saki anka ya miƙa masa sanda, Odell ya lalubo zaren. Yatsun ba su gaya masa komai ba, sai ya kai shi leɓensa ya ja a hankali, don nan ne wurin da ciwon bai kai ba tukuna. Ya tsaya cik.

"Verlon Tackett. Wannan ai igiyar shanya ce."

"Ita ce."

"Da ƙafarka ka je ka saya? Wa ya gan ka?"

"Hoyt."

"Kai, ka mutu." Odell ya yi dariya har da tari, dariyar da Verlon ya daɗe bai ji ba. "Ka mutu ba a binne ka ba. Da ma ina da ido in ga fuskarsa."

Verlon ya karɓi sandar ya jefa, ya mayar masa. Odell ya naɗa, ya karkatar da kai. Bakin sanda ya sunkuya sau uku. Ya yamutsa fuska.

"Akwai wani abu," ya ce. "Amma da nisa. Kamar ana buga ƙofar maƙwabta."

Aka sake, aka kuma sakewa. Bai wuce hakan ba.

"Ya isa haka, ƙanena. Ka yi ƙoƙari. Na ɗan ji."

Verlon ya san ƙarya yake yi don ya sauƙaƙa masa, ya san muryar ƙaryar Odell tun suna satar kankana. Ya jawo Bazawara cikin jirgi, ya bi guntun roban da yatsa. Duk ya kakkarce, ya yi fari-fari inda ya gogi dutsen. Jifa uku kacal ke nan, kuma roba ce, mai jurewa. Ya dubi kifin a tafin hannunsa, ya dubi yayansa da ke zaune da hannaye a buɗe kan gwiwa. Ya zaro abin yankan farce daga aljihu.

Kunnen Odell bai mutu ba. "Me ka yanke?"

"Ba komai."

"Robar ka cire. Verlon, dutsen zai cinye ta."

"Na sani."

"Na gaya maka daga ita ba wata."

"Ka gaya mini. Ni ne mai zare a jirgin nan ko kai? Riƙe bakinka in yi ƙulli."

Ya ɗaura zaren kitson kai tsaye a hancin Bazawara, ya jiƙa ƙullin da miyau ya ja. Ya ƙara ɗaure abin sassauta zare don kar komai ya zube a hanya. Ya miƙe tsaye ya yi jifa mafi nisa da kafaɗarsa ta yarda, har ya ji ta yi ƙara. Sannan ya durƙusa gaban Odell, ya kafa masa gindin sandar a haƙarƙari, ya kwantar da ita a kan ƙashin hannunsa tun daga gwiwar hannu.

"Manta da yatsu. Bari ƙashi ya saurara. Naɗa."

Odell ya naɗa. Zaren ya miƙe, ya fara yanka ruwa yana gangarawa. Can sai girarsa ta ɗaga.

"Ga ta nan," ya ce ƙasa-ƙasa. "Tana rangwaɗa, 'yar banza. Ina jin ta."

Verlon bai kalli bakin sanda ba wannan karon, fuskar yayansa yake kallo. Ya ga lokacin da bugun ya shiga, don duk jikin Odell ya amsa.

"Ɗaya."

Ya ci gaba da naɗi, a hankali, bakinsa a ɗan buɗe.

"Biyu."

Hawaye suka gangaro daga idanun nan da ba sa gani, bai damu ya share ba.

"Uku. Mama, uku."

Bai rufe baki ba sandar ta lanƙwashe har ta kusa taɓa ruwa. Zaren da ba ya miƙewa ba ya tausayi, duk nauyin kifin ya zo wa Odell a kafaɗa lokaci guda, ya tafi gaba, Verlon ya cafke shi ta bel. Babban kifi ne, irin wanda ba ya tasowa sama ya yi tsalle, sai dai ya sa kai ƙasa. Odell ya riƙe, yana haki, yana dariya, yana cewa yana jin kowace girgizar kansa har cikin haƙora. Verlon kuwa yana kallon inda zaren ya nufa, ya ga ya karkata hagu, ya yi ƙasa, can gefen matakalar inda dutsen ke da kaifi.

"Ɗaga sanda, Yaya, ɗaga."

Odell ya ɗaga. Sandar ta yi rawa sau biyu, ta miƙe. Ya ci gaba da naɗi, ba nauyi, har bakin zaren ya fito daga ruwa yana lilo. Verlon ya kama shi. Ya tsinke a tsefe, kamar bakin tsohuwar igiya.

Verlon ya miƙe tsaye ya kare ido da hannu. Balsa ba ya zama a ƙasa. Sau da yawa kifi yakan girgiza kai ya yar da abin da ke bakinsa, bayan ɗan lokaci ka ga kifin katako ya ɓullo yana shawagi. Ya sha tsintar nasu haka. Ruwan kuma a kwance yake, ko ganye ne ya taso zai gani. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya duba bayan jirgi. Wani tsinke ya yaudare shi har ya miƙa hannu ga raga.

"Ta taso?" in ji Odell.

"Tukuna."

Inuwar jan dutsen ta janye daga kan ruwa. Wani jirgi ya wuce can nesa, igiyar ruwansa ta zo ta girgiza su ta wuce, tafkin ya sake kwanciya. Ƙafafun Verlon suka fara ciwo, bai zauna ba.

"Ta taso?"

"Ba ta taso ba, Yaya." Muryarsa ta karye a tsakiya, ya ji kunya, ya kuma kasa gyara ta. "Ba za ta taso ba. Na sani sarai, da hannuna na yanke robar. Yanzu ba ni da komai naka."

Odell ya lalubo gefen jirgi, ya jingine sandar. Ya share fuska da hannun riga. Numfashinsa ya dawo daidai kafin ya yi magana.

"Ka ji na ƙirga?"

"Na ji."

"Uku cif. Ba ha'inci, ba tsallake."

"Uku ne."

"To me kake nema a saman ruwa? Ka san halin Mama. An zare wa Bazawara sakata, ta shiga."

Verlon ya daɗe a tsaye, sannan ya zauna a bencin da ke fuskantar yayansa, gwiwarsu tana taɓa juna. Ya yanke guntun zaren da ya tsefe, ya naɗe shi a yatsa, ya tura cikin safar ya mayar aljihu.

"Kar ka ɗaga anka tukuna," in ji Odell.

"Ban ɗaga ba."